Likitan Idona Tarwaɗa

Daren jiya, bayan na haɗiyi ƙwayar man kifin da 'yata Asabe ta aiko mini daga birni, na yi wani mafarki. Ta aiko ne saboda tsakiyar ganina ta dushe. In na dubi matata Tabawa, ina ganin kunnuwanta da ɗankwalinta, amma fuskar sai hayaƙi. Na jima ban gan ta ba, kuma ina tsoron in mance kamanninta.

A mafarkin na tafi asibitin ido, sai na tarar an mayar da shi ƙarƙashin kogi. Ruwan yana sama kamar rufi, mu muna ƙasa a bushe. In rufin ya yi yoyo, ɗigon sama yake komawa.

Tsofaffi ne cike da benci, kowa ya riƙo idanunsa a ƙwarya. Wata karfasa mai farar riga tana bi tana ɗiga musu mai, kamar yadda ake yi wa sarƙar keke.

"Baba, naka ba ka ciro ba?" in ji ta.

"'Yar nan, da su na zo. In na cire, wa zai nuna mini hanya?"

Sai ga ni gaban likita. Tarwaɗa ne, gashin bakinsa har kan tebur.

"Malam Barau, kai ne kake shanye mana mai? Dubi yadda na rame."

"Ranka ya daɗe, yarinya ce ta aiko. Ni ban san naka ba ne."

"Ya gyara maka?"

"Gyatsa dai ta ƙaru. In na yi, kyanwar gida takan zo ta zauna kusa da ni."

Ya haska idona da ƙwaryar farin wata, ya yi tsaki.

"Abin da ya tafi daga tsakiya, mai ba ya kiransa ya dawo. Amma gefen naka da sauran rai. Ka taɓa ganin kifi yana kallon gaba? Mu ta gefe muke ganin iyalinmu."

Ya sa jela ya karkatar da kaina. Nan take na ga Tabawa zaune a kan wani kada tana tankaɗe. Ga hancin, ga wushiryar, ga ɗan tabon nan na haɓa. Na buɗe baki zan kira ta, sai kumfa ta fito.

Ƙarar kankare tukunya ce ta tashe ni. Na lallaɓa tsakar gida, na kau da fuska wajen rumbu, na saci kallon Tabawa ta wutsiyar ido. Wallahi na ga rabin hancin da wushiryar, dishi-dishi. Na tsaya a haka ban motsa ba.

Tabawa ta ajiye cokali.

"Malam, me na yi maka da sassafen nan kake hararata?"