Dutsen Kabarin Salmatu

Motar Bubakar ta fi awa biyu tsaye a shingen Magama, ana jiran kwastan su duba buhunan kanwar da ya ɗauko daga Maraɗi. Fasinja duk sun watse neman inuwa. Malam Lado ne kawai ya ƙi fita, shi da wani mai farar jallabiya da ke gefensa, Abdulfatah, wanda ya ce daga karatu a Masar yake dawowa.

Shekara arba'in Lado na haƙa kabari a Gangara. Babu suna a kan ko ɗaya, shi ne ya san wa ke kwance a ina. Yanzu ido ya soma yana, damina kuma ta cinye tudun kabarin matarsa Salmatu har ya yi daidai da ƙasa. Tsoronsa kada ran da ba shi masu haƙa su sa diga a kanta. Abin da ya kai shi Maraɗi ke nan, wajen ɗan ƙanensa magini. Sun shirya ran Lahadi zai zo ya ɗaure kabarin da bulo da siminti, ko da yake liman ya ce ba a gini a kan mamaci.

Da Abdulfatah ya ji sana'ar tsohon, sai ya ciro waya ya ce to ga kabarin da ya fi ƙarfin diga.

Lado ya kai hoton daf da idonsa. Da farko ya ɗauka dalar gyaɗa ce irin ta zamanin da. Sai ya hango wani ɗigo a gindinta, aka ce masa ai raƙumi ne da mutum a kai. Ya daɗe yana bin duwatsun da ɗan yatsa, layi bisa layi, har ya ƙure fuskar wayar.

"Mutum nawa ke ciki, Malam?"

"Ɗaya, Baba. Sarki guda."

Abdulfatah ya ba shi labari a hankali. Wai su mutanen Masar na da, a ganinsu rai na fita ya dawo, in bai tarar da jikinsa ba ya ɓace ke nan. Don haka sai su busar da gawa da wani gishiri ɗan'uwan kanwar nan da ke bayan mota, su naɗe ta da ƙyalle, sai an yi kwana saba'in kafin a rufe. Su ajiye masa abinci, da gado, har da jirgin ruwa. Lado ya waiga ya dubi buhunan. Shi da ake yi wa aike da hantsi, kafin azahar an rufe an watse. Kwana saba'in. Ya yi salati ƙasa-ƙasa.

Can ya tambaya ko har yau sarkin na ciki.

Abdulfatah ya girgiza kai. Ya ce ɓarayi sun fasa tun tuni, ginin ne ma ya nuna musu wurin. Sarakunan da suka biyo baya, da suka ga haka, sai suka koma haƙa rami cikin duwatsu suna ɓoye bakinsa. Duk da haka an tono da yawansu, yanzu suna kwance cikin gilashi, mutane na layi suna kallon fuskarsu.

"Fuska a buɗe?" in ji Lado. Bai jira amsa ba, ya mayar masa da wayar da hannu biyu.

Ya fita. Ya gangara kwarin da ke gefen titi, ya yi ta juya duwatsu da ƙafa har ya sami wani baƙi, mai nauyin da ruwa ba zai ja ba. Ya rungumo shi yana nishi. Bubakar ya tare shi da tsiya, wai kanwa ta kusa kashe masa taya, ga Baba zai ƙarasa ta. Lado bai kula shi ba, ya zauna ya ɗora dutsen a cinya, ya roƙi Abdulfatah ya kira masa magini ya ce ya sha zamansa ran Lahadi.

Ɗan kwastan ya leƙo ta taga ya ce mene ne wannan.

"Alamar kabari ce, ɗana. Ta wajen kai."

Mutumin ya dubi dutsen, ya dubi tsohon, sannan ya ɗaga hannu aka janye shinge.