'Yan Tsakin Gwaggo

Wata uku Auta ta yi tana lallaɓa Kawu kafin ya yarda ta gina wa gidan ƙyanƙyasarsa shafin intanet na karɓar oda. Shi mutumin waya ne da guntun takarda, kuma bai ga abin da ya lalace ba balle a gyara. Da ta ishe shi da naci, ya ba ta mako guda na gwaji. In abin ya yi kyau, kujerar ofis tata ce. In ya ba da kunya, ta koma wanke mazubin ruwan kaji da digirinta a hannu.

Abin da Auta ta fi ji da shi a shafin shi ne maɓallin "Aika". A tsohon salo, kana dannawa shafi zai yi fari fat ya hau juyi, in sabis ya yi rauni duk abin da ka rubuta ya bi ruwa. Nata kuwa, saƙo zai sulale ya isa ofis, shafin ko gezau. Sau biyu tana yi wa Kawu wannan bayani, shi kuwa yana cewa madalla, idonsa na kan injin ƙyanƙyasa.

Ranar Laraba jimillar oda ta nuna Gwaggo, yayar baban Auta, tana son 'yan tsaki ɗari uku da sittin. Kawu ya ce lallai harka ta buɗe mata, ya sa aka loda kwalaye aka kai. Babu wanda ya tuna cewa akurkin Gwaggo bai fi faɗin tabarma biyu ba.

Bayan awa guda Gwaggo ta kira, ta ce su zo da ƙafarsu.

Tun daga bakin ƙofa kuka ya tarye su. Gindin wani kwali ya ɓalle, 'yan tsaki sun cika tsakar gida, ɗaya ma ya yi masauki a cikin takalminta. Talatin ta nema, in ji Gwaggo. Ta danna "Aika", shiru. Ta goge fuskar wayar da bakin mayafi ta sake dannawa, shiru. Ta fita waje neman sabis, har kujera ta taka ta ɗaga hannu sama. Sau goma sha biyu ke nan, sannan ta yi tsaki ta haƙura.

Kunya ta rufe Auta. Cikin sanyin murya ta soma bayanin cewa ai kowace dannawa ta isa, shafin ne kawai ba ya motsi. Gwaggo ta katse ta.

"Ke 'yar nan, in na aike ki kika fita ba ki ce 'to' ba, ta ina zan san kin ji?"

Auta ta buɗe jakarta. Nan bakin ɗaki ta zauna, ta ɗora kwamfuta a cinya, tana kore wani ɗan tsako da ya nace sai ya taya ta rubutu. Ta sa maɓallin ya riƙa dushewa da zarar an taɓa shi, ya ƙi karɓar dannawa ta biyu, sannan rubutu ya fito ƙasa: "An karɓa, mun gode." Gwaggo ta matso da wayar kusa da hanci ta karanta, ta ce yanzu ya yi hankali.

Duk wannan lokaci Kawu yana durƙushe yana tsince 'yan tsaki. Sai da ya rufe kwali na ƙarshe ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Shekara ashirin ina karɓar oda a waya, ba makon da wata ba ta ɓace mini ba. Naki sau goma sha biyu aka aike shi, ko ɗaya bai yar a hanya ba. Gobe ki zo ofis da wuri."

Daɗi ya kama Auta har ta rasa inda za ta sa kanta. Gwaggo ta miƙo mata tocila, ta ce kafin ta zama babbar ma'aikaciya, akwai sauran bakwai a ƙarƙashin gado.