Sashen da Ba Shi da Matsala

Sababbin masu kamfanin wankin sun ce kowa ya sake neman aikinsa. Ba kora ba ce, in ji su, tantancewa ce. Za a kira mutum ofishin sama, a yi masa tambayoyi, a ga ko kujerar da yake kai tana da amfani.

Baban Wanki, kamar yadda ma'aikata ke kiransa, shi ne shugaban sashen injuna. Zannuwan gadon otal-otal da tawul da mayafan tebur duk ta hannunsa suke bi. Ya san kukan kowane inji. Intabiyu ne bai sani ba, don ranar da aka ɗauke shi aiki buhun jiƙaƙƙen tawul aka nuna masa, aka ce ya ɗaga.

Matarsa ta kira ƙaninta, wanda ya sha zuwa intabiyu har ya zama malami a kai. Ya zo da takalmi mai sheƙi, ya zauna a kujerar maigidan.

"Yaya, dokar ɗaya ce," in ji shi. "Kada kalmar matsala ta fito daga bakinka. Kada ka kushe kowa. Mai ƙorafi shi ake fara sallama."

"In inji ya lalace fa?"

"Ka ce ya ba ku damar koyon gyara."

"Kai da ka iya duk wannan, ina naka aikin?"

Matar ta leƙo daga kicin. "Haba Baban yara, taimakonka ya zo yi."

"Na ga alama. Ya fara da kujerata."

Duk da haka ya zauna suka yi ta gwaji, har haƙoransa suka bushe don murmushi.

Ranar da aka kira shi, ya hau bene da farar rigar da ya goge da kansa. Ofishin sanyi ƙalau, ba irin ƙasa ba inda tururi ke dafa mutum. Mutum biyu ne a bayan tebur: wata mata mai tabarau daga wajen sababbin masu kamfanin, sai Manaja, wanda suka daɗe suna aiki tare.

Tambayoyin farko sun zo da sauƙi. Injunan sun tsufa? Ya ce masu juriya ne. Zafin wurin fa? Ya ce yana sa jiki ƙwari. Matar ta yi dariya. Ya ji a ransa cewa yaron nan ashe ya san abin da yake faɗa.

Sai ta gyara tabarau.

"An ce bara ka yi jinya, an yi maka aiki a ciki. Da ba ka nan, yaya sashen ya kasance?"

Ya san amsar. Yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu wayarsa ba ta huta ba. Dogo, mataimakinsa, ya haɗa jajayen mayafan tebur da fararen zannuwan wani babban otal, komai ya fito kalar hoda. Tukunyar tururi ta tsaya, ba wanda ya san kanta. Daga gadon asibiti ya riƙa cewa a murɗa wannan, a saki wancan, har nas ta ƙwace wayar. Mai kiran nasa kuwa ga shi zaune, yana wasa da murfin biro.

Ya dubi Manaja. Manaja ya dubi biro.

In ya faɗi wannan, ƙorafi ne. Kuma Dogo na zaune a benci a bakin ƙofa, shi ne na gaba, ga matarsa da tsohon ciki.

Ya saki murmushin da ya koya.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Yarana ƙwararru ne. Kowa ya san aikinsa."

"Ba a samu wani cikas ba?"

"Ko kaɗan. Kamar ina nan."

"Kamar kana nan," ta maimaita, ta gyaɗa kai. "Madalla. Da kowa haka yake magana, da aikinmu ya yi sauƙi."

Ya fito da ƙafa marar nauyi. A ƙofa ya dafa kafaɗar Dogo, ya ce ya saki jikinsa, mutanen kirki ne.

Sati bai zagayo ba Manaja ya tare shi a lungun da ake tara kwandunan datti. Bai kira shi ofis ba.

"Sun yaba da kai ƙwarai," ya ce. "Sun ce a duk kamfanin sashenka ne kaɗai ke tafiya da kansa."

"To."

"Shi ya sa suka ga ba ya buƙatar shugaba. Sun soke kujerar. Dogo zai riƙa leƙawa."

Wani inji ya shiga matse kaya, ƙasa ta ɗauki rawa. Baban Wanki ya jira ya lafa.

"Kai ka kira ni a asibiti. Da bakinka ka ce in ban tashi ba kamfani ya mutu."

"Na faɗa."

"Me ya hana ka faɗa musu?"

"Kai suka tambaya, malam. Ka ce lafiya lau. In ƙaryata ka a gaban baƙi?" Ya sosa ƙeya. "Ni ma fa kujerata rawa take yi."

"Allah ya zaunar maka da ita."

Manaja ya yi kamar bai ji ba. "Kana da zuwa ƙarshen wata. Don Allah kafin nan ka nuna wa Dogo kan tukunyar nan."

Ya koma cikin tururi. Dogo na tsaye gaban babban injin, yana cusa tawul fiye da ƙima kamar kullum. Da ya hango shi sai ya washe baki.

"Baba, an ce ina nan! Wallahi ban san me ka faɗa musu ba, amma Allah ya saka. Kai fa? Ƙarin girma ne?"

Baban Wanki ya sa hannu ya zaro tawul ɗin da suka yi yawa, ya watsa su cikin kwando.

"Rage kaya," ya ce. "Injin ba jaki ba ne. Wanke hannunka ka biyo ni wajen tukunya."