Farin Mayafin Auta

Auta ta shigo shagon hoto da hantsi, ta ja farin mayafi har kan gira. Yayanta yana goge gilashin kyamara. Ta sassauta mayafin. Ƙasan ido ya tasa, ga shatin yatsu a wuya.

"Mijin naki ne kuma?"

"A'a, aljani ne. Lauya ta ce a ɗauki hoto yau kafin ya baje, hoton za ta kai kotu. Ban da gyara, Yaya. Kada ka mayar da ni amarya."

"Ranar auren ma sai da na yi gumi kafin kika fito mutum."

Ta fara dariya, ta dafe haƙarƙari.

Ya zaunar da ita a bakin taga. Hoton biki ne sana'arsa, kuma doka ɗaya hannunsa ya haddace: a rage haske saboda farar riga, domin fari in ya ƙone ba ya dawowa, uwar amarya kuwa ba ta yafewa. Idonsa na kan wuyan ƙanwarsa, zuciyarsa na tafasa, yatsansa ya murza ya rage hasken kyamarar bai sani ba. Ya leƙa ɗan allon bayan kyamarar, ya ga abin da idonsa ya riga ya gani.

"Ya yi," ya ce.

Bai iya sake kallon hotunan ba. Sai ranar da lauya ta zo karɓa tare da Auta ya buɗe su a kwamfuta. A lokacin wuyan Auta ya washe.

Mayafin ya fito tsaf, zare bayan zare, har ɗinkin bakinsa. Fuskar kuwa ta nutse. Fatar da jinin da ya kwanta a ƙarƙashinta sun zama duhu ɗaya. Ya ja hasken sama, sai ɗige-ɗige ja da kore suka cika wuyan kamar an watsa yashi.

Lauya ta cire tabarau. "Lauyan mijin zai ce inuwa ce. Ni ma da haka zan ce."

Auta ta daɗe tana kallo.

"Mayafin dai ya yi kyau," ta ce. Ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki?" in ji yayanta.

"Yara suna can gidansa."

"Auta, tsaya."

Ta juyo daga bakin ƙofa. "Kada ka damu, Yaya. Wani karon baƙi zan yafo."