Murafen Kwalaben Zagorka

Ranar da aka kawo teburin sinuka, Zagorka ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da silifa, ta ce ko magajin garin Niš ne ya ɗauko shi, ba mai taka mata falo da takalmi. Ƙarti huɗu da falalen dutse a kafaɗa suka tsaya suna tuɓe takalma da ƙyar, suna zagin teburin ƙasa-ƙasa.

Ba tsabar tsabta ce kawai ba. Daɓen falon nan babanta marigayi, kafinta Svetozar, shi ya shimfiɗa shi da hannunsa, gutsattsarin katakon itacen hrast mai tauri sama da dubu biyu, jere kamar ƙayar kifi. Kayan aikinsa dangi sun wawashe tun ranar binne shi, abin da ya rage mata nasa ke nan. Shekara talatin tana bin daɓen a durƙushe da kakin zuma da busasshen tsumma, yadda ya koya mata, har gwiwoyinta suka yi kanta. Sai ga mijinta Ratko ya yi ritaya daga tuƙin jirgin ƙasa, ya rasa abin yi da hannuwansa, ya jajibo mata wannan bala'i mai ƙafa huɗu.

"Tsofai-tsofai da kai, wasan 'yan tasha!" in ji ta. "Wallahi in na ga ƙwarzane ɗaya, kai da shi ku nemi wurin kwana."

"To, ranki ya daɗe, mun ji."

Ta ɗauko tsohon bargon soja na babanta, ta yanka shi gida huɗu, ta ninka, ta tsaya a kansu sai da aka ɗora kowace ƙafa a kan nata yankin.

Sai dai gidan tsoho ne, ya ɗan karkata wajen kogi. Duk ƙwallon da aka ajiye sai ta gangara kusurwar taga da kanta. Ratko ya sha dariyar abokansa har ya gaji. Ran nan, Zagorka na kasuwa, ya shiga ɗakin ajiya ya kwashi murafen ƙarfe na kwalaben da take zuba ajvar, haɗin gasasshen tattasanta na hunturu. Abokai suka ɗaga masa teburin, ya cusa uku-uku a ƙafafu biyu na wajen taga, ƙarƙashin bargon don kada ta gani. Ƙwallo ta tsaya cak. Ya tafa wa kansa, bai faɗa wa kowa a gida ba.

Daga nan falo ya zama dandali. Hayaƙin taba, garin alli, ɗigon barasar rakija, ga shewa kamar a filin ƙwallo. Zagorka tana jin ƙarar ƙwallayen daga kicin har cikin haƙoranta. Kakin zuma ya kasa kashe warin, ita kuwa haushi ya kai mata iya wuya. Ta ɗauko bokiti ta zuba ruwan ɗumi da ruwan kal mai tsami, wanda take jiƙa kokwamba da shi, ta dinga laftawa kowace Asabar. Ta fi ba da ƙarfi a gindin ƙafafun teburin, inda abokan ke zubar da toka. Bargon ya sha ya ƙoshi, bai taɓa bushewa ba. Da kaka ta zo ta nemi murafe shida ta rasa, ta yi faɗa da bango kwana biyu, Ratko yana karanta jarida kamar kurma.

A watan Disamba bikin waliyyin gidansu ya matso, ranar da dangi da maƙwabta ke cika falo, ba a gayyatar kowa kuma ba a korar kowa. Dole a janye teburin. Ratko ya kira amininsa Budimir, wanda ya yi masa babban aboki a aurensu, kuma shi ne yaron shagon Svetozar na ƙarshe, yanzu kansa fari fat. Da maƙwabta biyu suka cicciɓa.

Ƙafafun wajen ƙofa lafiya lau. Zagorka ta yaye bargon wajen taga, murafe suka biyo shi, sun ci tsatsa sun manne. A ƙarƙashinsu zobe biyu ne baƙi ƙirin, kowanne faɗin bakin kofi, kamar an ɗora wa katakon tambarin wuta.

Ta ɗaga murfi ɗaya. Da rubutun hannunta a kai: ajvar, mai yaji.

"Ratko."

"Ki tsaya ki ji..."

"In ji me? Ɓarawon murfi! Ka bar ni ina zargin ƙwaƙwalwata, kana zaune kana buɗa jarida! Ubana ya yi wata huɗu a durƙushe a ɗakin nan, kai ka kashe shi da murfin tattasai don ƙwallo ta tsaya!" Ta jefe shi da murfin, ya sami agogon bango. Maƙwabta suka tuna suna da aiki a gida, suka sulale.

Budimir ya matso. Ya durƙusa da ƙyar, ya kankare zoben da farce, ya ɗauki bargon ya sansana.

"Kankare shi za ka yi da samfefa," in ji Zagorka. "Yau ɗin nan."

"Uwargida, sau uku aka kankare daɓen nan, ni na yi na ƙarshen. Ba sauran nama a katakon. Baƙin kuma ya shige har ƙasa."

"To ka faɗa wa wannan jakin abin da ya yi."

"Jaki kam jaki ne, tun ranar aurenku na faɗa. Amma ƙarfe shi kaɗai, in a bushe yake, ya shekara goma a kan hrast ba zai yi wannan ba. Sai ya sami ruwa. In da tsami kuwa, an gama." Ya miƙa mata bargon. "Wa ke zuba kal a nan?"

Zagorka ta dubi bargon. Ratko, da ya kamata ya ji sanyi, ya sunkuyar da kai.

"Maigidanmu, babanki, ya taɓa marina a kan jiƙaƙƙen tsumma ɗaya," in ji Budimir a hankali. "Kina wurin, kina 'yar shekara tara. Har kika yi mini dariya."

Ta tuna sarai. Fushin yana nan a ƙirjinta, cike taf, bai ragu ko kaɗan ba, ta rasa wanda za ta juye wa. Ta so a ce akwai murfi na bakwai da za ta jefa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, har ta kasa duban Budimir.

"Gobe zan fitar da shi," in ji Ratko. "Ko kyauta ne, a ɗauka. Na rantse."

Zagorka ta dubi zoben biyu. Jibi ƙannen babanta za su shigo falon nan, kuma kowace shekara abin da suke fara dubawa ke nan kafin su gaishe ta.

"Kira maƙwabta," ta ce.

"A fitar yanzu?"

"A mayar da shi. Daidai inda yake, ƙafa a kan zobe." Ta share ido da bayan hannu. "Budimir, yanko mini busasshen katako a sa masa. Kai kuma jeka ɗauko farin mayafin tebur. A kansa za a ci abinci."