Libarbar Baba

…a'a, ba ta kai shekara ɗari ba. Tamanin dai, ko da 'yar ɗoriya. Sabo na zaune bayan teburin masu gadi a ƙasan wani dogon bene a unguwar West Bay ta Doha, sanyin na'ura na ratsa shi, shayin karak na hucewa a gefensa, yana ta buɗa hoton da yatsu biyu. Libarbar Baba. Ƙanwarsa Ikilima ce ta tsinto ta a Funtuwa da aka zo gyara rufin ɗakin marigayin, a naɗe cikin tsohuwar safa, safar kuma a cikin tukunya. Saƙonta gajere: Yaya, kai ka san kan bindiga. Shekararta nawa, kuma nawa za ta yi?

Ya san kanta kuwa. Shekarun da ya yi a ɗakin makamai na 'yan sanda kafin ya ajiye kaki ya zo Doha… har yau in ya shinshina tafin hannunsa sai ya ji kamar warin man bindiga. Irin mai karyewa a tsakiya ce, gidan harsashi shida, ga zoben rataya a gindin mariƙi. Wannan ɗan tambarin fa — kambi ne ko tsatsa? Kambi ne. Ta sojan Turawa ce ke nan, ta lokacin yaƙin Hitila. Ta girmi Sabo nesa ba kusa ba. Kusan sa'ar Baba.

Wata mata ta wuce da katinta a wuya, ya ɗaga mata kai, ƙofar gilashi ta buɗe da kanta. Aiki ke nan. Ba bindiga, ba kulki, sai 'yar rediyo a kafaɗa. Alhamdu lillahi, wa ya ga hutu…

Kuɗinta fa? Ya danganta da hannun da zai karɓa. Can Al Gharrafa, a falon baƙi na wani dattijo da ya taɓa yi wa gadi, irin waɗannan ne jere a cikin gilashi, ana goge su kamar kwanukan amarya. Irinsa zai iya ba da abin da zai rufa ɗakin Baba da kwano har a yi fenti. To wa zai kawo ta? Ikilima ce za ta sako ta a jakar kilishi ta ratso filin jirgin Hamad? Dariya ta kusa ƙwace masa.

Amma ai ba shi ne mai sayen ba. Wani abokin mijinta ne ya ce akwai mai so, kuɗi hannu, ba a faɗin suna. Mai neman bindiga a Funtuwa, a wannan zamani, ba suna… ba a bango zai rataye ta ba. Shayin ya fita ransa.

Baba yana gadi a bakin siton auduga, ɗamara a ƙugu, mariƙin na leƙowa ta ƙasan riga. Baturen kamfani ne ya bar masa da zai tafi gida. Duk gari an sani, ko akuya ba ta raɓar siton. Mutum mai zuciya a kusa, in ransa ya ɓaci har kunnuwansa rawa suke —

Ya tura wa Ikilima saƙon murya: ta karya ta tukuna, ta tabbatar ba komai a ciki, bakin na kallon ƙasa, sannan ta ja ƙarfen baya ta ɗauko masa hoto daga sama. Yalla, maza, Ikilima.

Hoton ya shigo. Ya buɗa. Ya ƙara buɗawa.

Ina tsinin? Ɗan tsinin da ke dukan gindin harsashi… babu. Ba karyewa ya yi ba, karaya tana barin kaushi. Wannan an goge shi ne da magagari, sumul, kuma wurin ya yi baƙi ɗaya da sauran ƙarfen. Tsohon aiki ne. Ko ka ja kunama sau dubu, ƙas kawai za ka ji.

Khalas, shi ke nan! Ya jingina da kujera, wani sanyi na sauka a ƙirjinsa. Dattijon mai gilashi zai rage kuɗi, wancan marar suna kuwa ko kyauta ba ya so, balle ma ba za a nuna masa ba. Ya rubuta: Ta haura tamanin. Ba ta tashi. Kuɗinta kuɗin ƙarfe ne. Ki ce wa mutumin babu, ku kai ta ofishin 'yan sanda, zan kira wani da na sani.

Ya kurɓi shayin, ya huce amma da daɗi.

To wa ya goge? Baturen? Ko… wata ranar kasuwa, Baba na barcin rana, Inna ta fita da tukunya a ka, ta ce za ta gidan Kawu maƙeri a yi mata liƙi. Tukunyar da ba ta yoyo. Ta dawo tana 'yar waƙa.

Duk shekarun nan a bakin sito, ƙirji a gaba, ɓarayi na kewaye unguwar… Baba da yake shafa mata mai duk Juma'a, a ce bai gani ba? Ko ya gani, ya mayar da ita ƙugu, ya koma bakin aikinsa…