Tani Usmanu Ba Ta Cikin Na'ura

Motar gero ta tsaya ƙofar ofishin Ƙungiyar Manoman Tudu da Fadama a Sabon Birni tun da hantsi, layi ya miƙe har bakin kasuwa. Shekara ta biyu ke nan damina tana yankewa gero bai yi kai ba. Dokar masu tallafin ɗaya ce: wanda sunansa ya fito a kwamfuta ya ɗauki buhu, wanda bai fito ba ya kauce.

Jibrilla, mai kula da kwamfutar, ya buga sunan tsohuwar da ke gabansa sau uku. Babu.

"Inna, kin tabbata an rubuta ki?"

"Kai da hannunka ka rubuta ni, ɗan nan, ƙarƙashin tsamiya can Tsamaye. Tani Usmanu. Jikoki biyar na baro gida, tun jiya ruwan kuka suka sha."

Sai ya tuna. Kwana tara da suka wuce Wakili, shugaban ƙungiyar, ya leƙa allon ya ga Tani Usmanu har goma sha ɗaya, duk 'yan Tsamaye, duk haihuwar ɗaya ga Janairu. Ya ce maguɗi ne, a bar ɗaya a goge saura. Jibrilla ya goge, da su da ire-irensu, gida sittin da uku. Ko kaɗan bai tuna ba cewa duk macen da aka haifa ran Litinin Tani ce, kuma shi da kansa yake sa ɗaya ga Janairu ga duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba.

Ya zaro faifan ajiya daga aljihun tebur, ya mayar. Ɗaya ne tak, duk Juma'a yana kwafe sabo a kan tsoho, kuma Juma'a ta riga ta wuce.

Saura na'urar reshensu na garin Isa. Ita ce 'yar ko-ta-kwana: duk abin da aka yi a ta Sabon Birni sai ta kwaikwaya, don in wannan ta ƙone waccan ta karɓa. Amma mako biyu ke nan babu sabis a Isa. In babu sabis, labarin gogewar bai kai mata ba.

"Wakili, riƙe mini direban nan har la'asar."

"La'asar? Kan hanyag ga? Ya ce azahar na yi za shi tashi."

Jibrilla ya haye babur, ya nufi Isa. Ya ƙetare gulbi a bushe, ƙafar babur na nutsewa cikin rairayi, ya wuce gonaki da kara tsaye babu zangarniya. Addu'arsa ɗaya: Allah Ya sa sabis bai dawo ba.

A Isa, Habi, akawun reshen, ta tarbe shi da dariya.

"Malam Jibrilla, yau kai za ka saya mini goro. Dubi sama."

Ya ɗaga kai. Doguwar gora ce ɗaure a kan rufin ofis, 'yar na'urar kama sabis na reto a ƙarshenta.

"Ka ce kada in bari kwamfutarmu ta kwana ba ta ji daga gare ku ba, ko? Shekaranjiya na sa anka ɗaure 'yar na'urar can. Sanda ɗaya ta sabis take kamawa, amma wallahi kwamfutar ta haɗiye komai, ba ta bar ko harafi ba."

Ya ture ta ya shiga, ya buga sunan. Tani Usmanu ɗaya ce, matar wani maƙeri, wadda ya ga ta ɗauki buhunta da safe.

"Takardun da munka cika da hannu fa?"

"Ai kai ka ce an gama da su. Mai ƙosai ta kwashe tun bara."

Bayan la'asar ya iso Sabon Birni. Motar ta tafi, da buhu sittin da uku da ba a samu masu su ba. Wakili ya kulle ofis ya sulale. Mutanen Tsamaye kuwa suna zaune a gindin bango, ba wanda ya motsa. Tsohuwar ce ta fara miƙewa, tana kakkaɓe zane.

"An gane ni can Isa, ɗan nan?"

"Sai an sake rubutu, Inna."

"Yaushe?"

"Masu tallafin sun ce bayan kaka."

Ta dube shi, ta dubi hanyar Tsamaye. Sannan ta juya wajen sauran matan.

"Ku tashi mu kama hanya, kada duhu ya same mu."